In Kiɗa Ya Canza: Abin Da Ke Sa Gidan Rediyo Ya Kwana Da Salo Ɗaya Ya Tashi Da Wani

Ranar Juma'a, 3 ga Yunin 2005, masu sauraron tashar WCBS-FM da ke birnin New York na ƙasar Amurka sun kunna rediyonsu kamar kullum. Tashar tana kan mita 101.1 a zangon FM, kuma tun 1972 aikinta ɗaya ne: saka tsofaffin waƙoƙin shekarun 1950, 1960 da 1970, tare da masu gabatarwa da jama'a suka saba da muryoyinsu har suna ɗaukarsu kamar 'yan gida. Direban tasi ya san muryar da zai ji da safe, mai shago ya san wanda zai taya shi hira da yamma.

Da ƙarfe biyar na yammacin ranar sai komai ya juye. Tsofaffin waƙoƙin suka ɓace, masu gabatarwa ma suka ɓace. Wata murya da aka naɗa tun da farko ta shigo tana cewa sunan tashar yanzu Jack FM, kuma abin da ta ga dama shi za ta saka, kada kowa ya wahalar da kansa da neman waƙa. A ranar ne aka sanar da ma'aikatan cewa aikinsu ya ƙare, ciki har da Bruce Morrow, wanda ake kira Cousin Brucie, mutumin da ya yi shekara sama da arba'in yana magana da mutanen birnin ta rediyo. Ba a ba su damar yin sallama da masu sauraro ba.

Mutane suka fusata. Wasu suka yi zanga-zanga, jaridu suka cika da ƙorafi, har magajin garin New York na lokacin, Michael Bloomberg, ya nuna ɓacin ransa. Tambayar da muke so mu bi tare da ku a wannan makon ita ce: me zai sa kamfani ya rushe tashar da jama'a ke ƙauna, wadda kuma ke kawo kuɗi? Amsar za ta kai mu ajin lissafi, ta kai mu kasuwa, sannan ta dawo da mu kan rediyon da ke ɗakin Baba.

Wa ke biyan kuɗin rediyo?

Ku tuna, ba a taɓa kawo muku takardar biyan kuɗin sauraron rediyo ba. Amma tasha tana biyan albashi, tana sayen man janareta, tana gyara na'urori, tana biyan kuɗin lasisi. Daga ina kuɗin ke fitowa? Idan tashar ta kasuwanci ce, daga talla suke fitowa.

Wannan hanya ta daɗe. Ranar 28 ga Agustan 1922 tashar WEAF ta New York ta sayar wa wani kamfanin gidaje mai suna Queensboro minti goma don ya tallata gidajensa na unguwar Jackson Heights. Ana yawan ambaton wannan a matsayin tallan rediyo na farko da aka biya kuɗi a kansa. Tun daga nan cinikin bai sauya ba: tasha ta tara masu sauraro da waƙa, labarai ko hira, sannan ta sayar wa masu talla damar yin magana da su. Wato hajar da gidan rediyo ke kaiwa kasuwa ita ce kunnuwanku.

Da talabijin ta shigo gidajen Amurka a shekarun 1950, ta kwashe wasan kwaikwayo da manyan shirye-shiryen dare, sai rediyo ta nemi sabuwar dabara. Wani matashi mai suna Todd Storz, mai tashar KOWH a garin Omaha na jihar Nebraska, ya lura cewa mutane ba sa gajiya da waƙar da suke so, ko sau nawa za su ji ta. Sai ya taƙaita jerin waƙoƙin tasharsa zuwa 'yan kaɗan da ke tashe, ana ta maimaita su. Daga nan aka samu salon da ake kira Top 40, wato waƙoƙi arba'in da suka fi tashe.

Wannan shi ne abin da muke nufi da salon tasha: ta zaɓi abu ɗaya ta riƙe shi dare da rana, yadda duk lokacin da ka murɗo ka san abin da za ka tarar. Tashar WINS ta New York ta koma labarai zalla a watan Afrilun 1965. Tashar WFAN ta fara wasanni zalla a ranar 1 ga Yulin 1987. Kamar kasuwa ce: ga layin 'yan yadi, ga layin 'yan hatsi, mai saye ya san inda zai nufa.

Yadda ake ƙirga kunnuwa

Mai jarida ya san kwafi nawa ya sayar. Mai gidan kallon ƙwallo yana ƙirga kawuna a ƙofa. Mai gidan rediyo kuwa yana magana ne cikin iska, ba ya ganin kowa. Shi ya sa aka samu kamfanonin da sana'arsu ita ce ƙiyasta yawan masu sauraro. A Amurka, kamfanin Arbitron ne ya daɗe yana wannan aiki, kafin kamfanin Nielsen ya saye shi a 2013.

Tsohuwar hanyarsu mai sauƙi ce. Za a zaɓi wasu gidaje, a aika wa duk wanda ya kai shekara 12 ɗan littafi, ya riƙa rubuta tashar da ya saurara da lokacin da ya saurare ta, na tsawon kwana bakwai, daga Alhamis zuwa Laraba. Daga waɗannan 'yan dubban littattafai ake ƙiyasta abin da miliyoyin mutane ke ji. Dabarar ɗanɗana miya ce: in an juya tukunya da kyau, cokali ɗaya ya isa a san gishiri. In ba a juya ba, cokalin zai yi ƙarya.

Ga lissafin, 'yan ajin kimiyya da na kasuwanci. A ce gari yana da mutum 1,000,000. Tsakanin ƙarfe 7:00 da 7:15 na safe, mutum 200,000 ne ke sauraron rediyo, 20,000 daga cikinsu suna kan tasha guda. Idan aka auna da dukan mutanen gari, tashar tana da kashi 2 cikin ɗari. Idan aka auna da waɗanda rediyonsu ke kunne kawai, tana da kashi 10 cikin ɗari. Wannan na biyun shi ne kason tasha, kuma a kansa ake yawan jera tashoshi daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe.

Ana raba awa gida huɗu, kowanne minti 15. A tsohuwar ƙa'ida, in mutum ya saurari tasha minti biyar a cikin kwata ɗaya, za a rubuta mata kwatar baki ɗaya. Don haka wanda ya saurara daga 7:10 zuwa 7:20, minti goma kacal, an rubuta wa tashar kwata biyu. Yanzu kun gane dalilin da ya sa mai gabatarwa ke cewa "kada ku je ko'ina, nan da minti kaɗan za mu faɗi wanda ya ci gasa." So yake ya tsallakar da ku zuwa kwata ta gaba. Kun kuma gane abin da ya sa ake maimaita sunan tasha da lambar mitarta bayan kusan kowace waƙa: don mai cika littafi ya tuna sunan idan ya zauna rubutu da dare.

Ba duk kunne ne kuɗinsa ɗaya ba

A nan ne sirrin WCBS-FM yake. Tashar ba ta rasa masu sauraro ba. Matsalarta ita ce masu sauraronta suna tsufa. Wanda yake ɗan shekara 15 a 1960, a 2005 ya kai 60. Manyan masu talla a Amurka kuwa sun fi son rukunin 'yan shekara 25 zuwa 54, saboda a ganinsu su ne ke sayen mota, gida da kayan yara, kuma su ne za a iya jan ra'ayinsu zuwa sabon kaya. Duk wanda ya haura 54, ko da aljihunsa cike yake, ya fita daga layin da dillalan talla suka fi dubawa.

Kamfanin Infinity Broadcasting, mai tashar a lokacin, ya duba gaba ya ga kowace shekara wasu masu sauraronsa na tsallake wannan iyaka. Ya kuma ga salon Jack FM, wanda ya fara a birnin Vancouver na Kanada a 2002, yana samun karɓuwa a wasu birane. Salon yana gauraya waƙoƙi da yawa na shekarun 1970 zuwa 2000 kamar yadda na'urar iPod ke yi, kuma ba ya buƙatar masu gabatarwa masu tsadar albashi. A kan takarda lissafin ya yi kyau: masu sauraro masu ƙarancin shekaru, kashe kuɗi kaɗan. A rana guda kamfanin ya yi wa tasharsa ta tsofaffin waƙoƙi da ke Chicago, WJMK, irin wannan juyi.

Akwai kuma wani dalili da ke sa irin wannan shawara ta zo daga nesa. A 1996 Amurka ta yi dokar sadarwa da ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, ta kuma ba shi damar riƙe har takwas a babban birni guda. Kamfanin Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya tashi daga tashoshi kusan 40 zuwa sama da 1,200 cikin 'yan shekaru. Kamfanin da ke da tashoshi biyar a gari ɗaya yana kallonsu ne kamar 'yan wasa a fili: wannan ta kama matasa, waccan ta kama mata, ɗayar ta tare wa abokin hamayya hanya. Ana iya sauya wa tasha salo ko da ba ta gaza ba, don kawai a ƙwace wa maƙwabciya kaso ɗaya ko biyu.

Sarki ya faɗi, sarki ya hau

New York ta sha ganin irin wannan. A shekarun 1960 da 1970 babu kamar WABC, mai mita 770 a zangon AM. Ita ce sarauniyar Top 40, da dare ana kama ta a jihohi da dama. Amma zangon FM ya fi tsabtar sauti, matasa kuma suka fara komawa can.

Ranar 24 ga Yulin 1978 wata ƙaramar tasha, WKTU, mai mita 92.3 FM, wadda kasonta bai kai 2 cikin ɗari ba, ta watsar da salonta na waƙoƙi masu sanyi ta rungumi kiɗan disko, wanda ke tashe a gidajen rawa na birnin. Kafin shekarar ta ƙare kasonta ya haura 11 cikin ɗari, ta sauke WABC daga kujerar farko. WABC ta yi ta gyare-gyare amma ba ta farfaɗo ba. Da tsakar ranar 10 ga Mayun 1982 ta daina waƙa kwata-kwata ta koma tashar hira da muhawara.

Ganin nasarar WKTU, tashoshi a wasu birane suka ruga suka koma disko. A Chicago hakan ya raba wani mai gabatarwa, Steve Dahl, da aikinsa a tashar WDAI a ƙarshen 1978. Da ya samu aiki a wata tashar sai ya ɗaura yaƙi da disko, har ya shirya fasa tarin faifan disko a filin wasa na Comiskey Park ranar 12 ga Yulin 1979. Dubban matasa suka cika fili suka yi ɓarna, dole aka soke wasa na biyu da aka shirya a daren. Ba da daɗewa ba kasuwar disko ta faɗi, tashoshin da suka bi yayi suka sake neman mafita.

A 1983 aka sake wani juyin. Ranar 2 ga Agusta wata sabuwar tasha, WHTZ, wadda aka fi sani da Z100, ta fara Top 40 a zangon FM ƙarƙashin jagorancin Scott Shannon. Alƙaluman farko sun sa ta a ƙarshen jeri. Shannon bai ɓoye ba, ya mayar da abin kamfe, ya roƙi masu sauraro su taya tashar tashi daga ta ƙarshe zuwa ta farko. Cikin kwana 74 ta zama ta ɗaya a birnin.

Ita kuwa mita 92.3, tarihinta kaɗai darasi ne. Disko a 1978, kiɗan rok a 1985, hira a 2006, rok kuma a 2007, Top 40 a 2009, wani nau'in rok a 2017, sannan a watan Oktoban 2022 ta koma ɗauko labaran tashar WINS. Mita ɗaya, fuska bakwai. Mitar ita ce filin, salo kuwa shuka ce: in damina ba ta yi kyau ba, baɗi a shuka wani abu.

Ruwa ba ya tsami banza

Me ya sa ake ɓoye shirin juyi har sai ranar ta zo? Dalili uku ne. Na farko, in abokin hamayya ya ji, zai iya riga ka. Na biyu, masu talla za su janye kuɗinsu su jira su ga abin da zai faru. Na uku, mai gabatarwar da ya san an kore shi, ga makirufo a gabansa, ba a san abin da zai faɗa ba.

Inda aka yi rufa-rufa kuwa, nan raɗe-raɗi ke yawa. A Amurka akwai ma'aikatan rediyo, 'yan jarida da masu sha'awar harkar da suka mayar da hasashen juyi kamar yadda kuke hasashen ɗan wasan da kulob zai saya. Suna da alamomin da suke bi. Kason tasha ya yi ta sauka karo uku ko huɗu a jere. An sallami daraktan shirye-shirye ba a maye gurbinsa ba. An sayar da tashar, kuma sabon mai ita an san shi da wani salo na daban. An shigar da takardar neman sauya haruffan sunan tasha a hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, wadda takardunta a buɗe suke ga kowa. Ko kuma akwai giɓi a gari: salon da ke kawo kuɗi a wasu birane amma babu mai yin sa a nan.

Su ma tashoshin sun koyi cin moriyar surutun. Kafin juyi, wasu kan yi wasan jan hankali. A watan Maris na 2014 wata tasha a yankin San Francisco, mai mita 105.7, ta yi kusan kwana uku tana maimaita waƙa ɗaya ta mawaƙi Nelly ba tsayawa, mutane suna ta tambayar ko na'ura ce ta lalace. A watan Yunin 2022 wata tasha a Vancouver ta yi fiye da kwana ɗaya tana maimaita waƙa guda ta ƙungiyar Rage Against the Machine, har wasu suka ɗauka ma'aikata ne suka yi bore. Duka biyun share fage ne na sabon salo, kuma sun samu tallan da ba su biya ko sisi ba.

Sai dai alama ba hujja ba ce. Sau da yawa hasashe kan tashi a banza, wani lokacin ma kamfani ne ke sakin jita-jita da gangan don ya ruɗa abokin hamayya. Ku lura kuma, juyin WCBS-FM na 2005 ya zo wa kusan kowa ba zato. Wannan darasi ne ga 'yan kulob ɗin jarida: ku raba abin da aka gani da abin da ake zato. "An sallami mutum uku" labari ne in kun tabbatar. "Za a rufe tashar" zato ne har sai mai ita ya faɗa ko takarda ta nuna. Ku tuna cewa bayan kowace jita-jita akwai ma'aikaci mai iyali da ke jin ana yanke hukunci a kan abincinsa.

Na'urar da ta sauya wasan

Littafin kwana bakwai yana da rauni: mutum yana rubuta abin da ya tuna ne, ko abin da yake so a ce yana ji. Wani zai ja layi daga safe zuwa yamma a kan tashar da yake ƙauna, alhali ya murɗa sau goma. Saboda haka Arbitron ya fito da wata 'yar na'ura da ake kira PPM, wadda ake ratayawa a jiki. Kowace tasha tana cusa wata alama a cikin sautinta wadda kunnen mutum ba ya ji, na'urar kuma tana kama ta, ko a mota, ko a shago, ko a gidan aski. An fara aiki da ita a Philadelphia da Houston a 2007, ta iso New York a 2008.

Abin da ta nuna ya girgiza masu harkar. Ashe mutane suna sauraron tashoshi da yawa fiye da yadda suke rubutawa, amma na ɗan gajeren lokaci. Tashoshi suka rage surutun masu gabatarwa, domin na'urar tana nuna minti da minti inda mutane ke gudu. Salon jaz mai sanyi ya yi ta mutuwa a birane. A New York, tashar da ke yin sa a mita 101.9 ta koma rok a Fabrairun 2008, ta koma labarai a 2011, ta dawo rok a 2012, kafin shekarar ta ƙare kuma ta zama ta wasanni.

An kuma yi rigima. Tashoshin baƙaƙen fata da na masu jin Sifaniyanci suka ga alƙalumansu sun faɗi, suka ce ba a raba na'urar ga isassun mutanensu ba. A watan Oktoban 2008 babban lauyan jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya kai Arbitron kotu. A farkon 2009 aka sasanta, kamfanin ya amince ya gyara yadda yake zaɓen masu ɗaukar na'urar. Kun ga maganar cokali da tukunya ta dawo: in an manta da wata unguwa wajen ƙirga, tashar da ke yi mata hidima ce za ta rasa talla, daga nan ta rasa ranta. A farkon 2025 ma Nielsen ya rage ƙa'idar minti biyar zuwa uku a biranen da ake amfani da na'urar. Sauya ma'auni kaɗai yana iya ɗaga wata tasha ya sauke wata.

Garin neman gira

To yaya ta ƙare da Jack FM a New York? Tsofaffin masu sauraro sun tafi, matasan da aka yi domin su ba su zo da yawan da aka zata ba. Tashar ta zame can ƙasa a jeri, kuɗin talla ya ragu. Bayan shekara biyu da wata ɗaya, ranar 12 ga Yulin 2007, da ƙarfe 1:01 na rana, don ya dace da mita 101.1, kamfanin ya dawo da WCBS-FM da masu gabatarwa masu rai. Ba da jimawa ba ta koma sahun gaba.

Amma ku lura da kyau, ba tsohuwar ce ta dawo daidai ba. An rage waƙoƙin shekarun 1950, aka ƙara na 1980, kuma tun daga nan jerin ke matsowa gaba a hankali don ya ci gaba da kama 'yan 25 zuwa 54. Masu sauraro sun ci rabin nasara, lissafi ya ci rabi. Salon Jack kansa bai mutu ba, ya ci gaba da rayuwa a Los Angeles, abin da ke nuna cewa takalmin da ya yi wa wani gari daidai yana iya matse wani. Shi kuwa Cousin Brucie ya koma rediyon tauraron ɗan'adam, sannan a 2020 ya dawo WABC, tashar da ya yi suna a cikinta tun yana matashi.

Ba kullum ake dawowa ba. A watan Agustan 2024 tashar labarai ta WCBS mai mita 880 AM, wadda ke wannan aiki tun 1967, ta rufe ɗakin labaranta, mitar ta koma ta wasanni. Kamfani ɗaya ne ke da ita da WINS, kuma ya ga ba zai ci gaba da ɗaukar nauyin tashoshin labarai biyu a gari ɗaya ba.

A nan gida fa?

Iyayenmu sun tashi ne da rediyon gwamnati, irin su Rediyon Kaduna da na jihohi, sai kuma sassan Hausa na ƙasashen waje. Doka ta 38 ta shekarar 1992 ce ta kafa hukumar NBC mai kula da kafafen yaɗa labarai, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta fara a Kano a 2003. Yau in kun murɗa zangon FM a Kano, Kaduna ko Abuja, tasha na bin tasha, kuma dukansu kasuwar talla ɗaya suke ci.

Zaɓen salo ma muna da shi. A 2007 masu Cool FM suka buɗe Wazobia FM a Legas da Turancin buroka, don su kama direbobi, 'yan kasuwa da masu sana'a da sauran tashoshi suka bari. Su ne kuma masu Arewa Radio a Kano, mai magana da Hausa. Kamfani ɗaya, tashoshi daban-daban, kowacce da mutanen da take nema. Muna kuma da juyi na lokaci: kamar yadda wasu tashoshin Amurka ke komawa waƙoƙin Kirsimeti zalla tun watan Nuwamba, haka jadawalin tashoshinmu ke cika da tafsiri a watan azumi, ya cika da shirye-shiryen 'yan siyasa da aka biya kuɗinsu idan zaɓe ya gabato.

Abin da ya shafe ku shi ne, shirin da ba shi da mai ɗaukar nauyi shi ake fara taɓawa idan kuɗi ya yi wuya, kuma sau da yawa shirin ɗalibai, na kacici-kacici ko na adabi yana cikin wannan rukuni. In kuna son shiri, kada ku yi shiru. Ku kira, ku aika saƙo, ku sa malaminku ya rubuta wa tashar wasiƙa da sunan makaranta. Manajan da zai je wurin mai talla yana buƙatar abin da zai nuna cewa akwai masu ji.

Aikin wannan mako

Ga gwaji da ajinku zai iya yi ba tare da kashe ko kwabo ba. Kowa ya ware shafi a littafinsa, daga Alhamis zuwa Laraba ya rubuta tashar da aka kunna a gida, a mota ko a waya, da lokacin farawa da na gamawa. Ranar Alhamis ta gaba ku haɗa, ku raba kowace awa kwata huɗu, ku fitar da kason kowace tasha tsakanin ƙarfe 6 da 8 na safe da kuma bayan sallar isha'i. Sannan ku tambayi kanku: wa ke riƙe da rediyon a gidanku, ku ko Baba? Ajinku zai iya wakiltar garinku duka? Su wa aka bari a baya? Ku aiko mana da sakamakon tare da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi tsari a wannan shafi.